Malam Habu Ya Tafi da Awonsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina karyawa da safen nan aka kira ni, wai Malam Habu Fiziks ya rasu. Har yanzu ban dawo daidai ba.

Shi ya koya mana fiziks a sakandare nan Rano. Bayan ya yi ritaya sai ya kama wata ɗabi'a da mutane ke masa dariya a kai: duk Asabar ya hau babur ya zaga rijiyoyin Kahu da Madachi, ya zura igiya, ya rubuta inda ruwa ya tsaya.

Ni kuma aikin digirina na biyu kwaikwayon ruwan ƙarƙashin ƙasa ne a kwamfuta. Ka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida ka lissafa ruwan da ya shiga da wanda ya fita, ka matsa gaba kwana ɗaya, ka sake. Burina in iya ce wa mutanen Kahu ga inda za su haƙa rijiyar da ba za ta ƙafe da bazara ba.

Duk garin nan shi kaɗai nake yi wa wannan zance bai duba wayarsa ba.

Akwai ranar da lissafina ya haukace, ruwa ya haura saman duwatsun Rano. Saura kaɗan in maka laftof ɗin da ƙasa, kun dai san halina. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Kai Nura, ka rage tsawon takun. Ruwa ba ya tsalle, rarrafe yake." Na mayar da kwana ɗaya awa ɗaya, komai ya lafa. Ya aika aka sayo mana fura.

Ganina da shi na ƙarshe, sati uku ke nan, ya miƙo mini littattafan awonsa gaba ɗaya. Da su zan gwada ko lissafina gaskiya yake faɗa. Na buɗe, sai na ga babu mita ko ɗaya. Da hannu yake awo irin na maginan rijiya, ya ware hannuwa biyu da igiya: gaba bakwai, gaba tara da kamu ɗaya.

Na ce, "Haba Malam! Malamin fiziks guda?"

Ya ce, "Masu rijiyar da shi suke ganewa. Ka zo da tef ranar Asabar ka auna faɗin hannuwan nawa, shi ke nan."

Ban je ba. Asabar uku ina cewa sai mai zuwa.

Yau a gidan rasuwa na ga an fito da karan dawar da aka auna tsawon Malam da shi don haƙa kabari. Shi da bakinsa ya koya mana a aji cewa faɗin hannuwan mutum kusan tsawonsa ne. Wallahi tef ɗin na aljihun jakata. Na bi karan nan da ido har maƙabarta, na kasa auna shi. Ta yaya zan tsuguna gaban 'ya'yansa ina awo? Ina tsaye aka sa karan a ramin aka mayar da ƙasa.

Zan iya yin ƙiyasi, na sani. Amma kuskuren taƙi ɗaya a kowace gaba ya isa ya sa mutane su haƙa a banza, kuma wanda zai kalli lambobin ya ce mini "a'a, nan ka zarce" ba ya nan. Na dawo ɗaki na buɗe laftof na rufe. Kewa ta ishe ni, ba ni da wanda zan kira.

Malam, ka yafe mini.

Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya shayar da shi ruwan Alkausara, Ya ba matarsa Hajiya da yara haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku.