Tayoyin da na aro na wuni ɗaya

Tayoyi huɗu, benci ɗaya da takarda ɗaya: a kansu na sa rayukan mutane a caca. A lokacin ni dillalin motoci ne a Kazaure. Daga sayar da kayan gyara na taso, babu wanda ya ɗora ni, kuma ina alfahari da cewa motata ba ta taɓa faɗuwa a wajen masu duba lafiyar mota ba.

Na sayo wata bas ta ɗaukar kaya, na kai wa mai walda ya mayar da ita ta fasinja, na ce ya ƙara benci guda a can baya. Ya faɗa mini ƙarfen wurin ba zai riƙe ba, na ce ya ɗan ɗiga masa walda kawai. Tayoyinta sun suɗe, amma muna da dabararmu. Ranar duba mota sai a ciro bencin, a aro sababbin tayoyi wajen wani abokina mai shago, da la'asar a mayar masa, a mayar wa motar tsofaffin tayoyinta da bencin. Haka muka yi. Jami'an sun duba birki, sun duba fitilu, sun shafa tayoyin, suka ba da takardar shaida. Ba su ci amanar aikinsu ba, mu muka yaudare su.

Wani direba ɗan Roni, mai 'ya'ya biyar, shi ya saye ta. Ya tsuguna ya dubi tayoyin, ya tambaye ni cikin ladabi ko za su kai damina. Na ce masa tunda hukuma ta sa hannu, mene ne nasa na damuwa.

Ba su kai ba. Ranar wata kasuwa, a hanyar Gwiwa, tayar baya ta fashe, motar ta kife, bencin ya ɓalle da mutanen da ke kansa. Mata biyu suka rasu nan take. Shi kuma direban aka yanke masa ƙafar dama. Babu wanda ya neme ni, domin takarda ta nuna motar lafiyarta ƙalau. A wajen ta'aziyya kowa cewa yake ƙaddara ce, ni ma na ce haka.

Da na je duba shi asibiti, ya gaishe ni kamar kullum, ya laluba ƙarƙashin matashi ya miƙo mini takardar shaidar a ninke.

"Ga takardarka, Alhaji. Ita babu abin da ya same ta."

Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba. Ina ci, ina sha, ina fita kasuwa, amma kamar wani ne yake yi ba ni ba. 'Yan'uwana dillalai, mai duba mota za ka iya ruɗa, kwalta ba ta karanta takarda. Abin da na ci a cinikin nan kuɗin tayoyi huɗu ne. Abin da aka biya, rai biyu da ƙafa ɗaya, kuma ba daga jikina aka cira ba.