Makarar Masallacinmu

Shekarar da gero ya ƙi, rumbunanmu suka zama wayam tun kafin damina, wasu samari suka zo ƙauyenmu daga wajen Rijiyar Zaki da kyamara. Suka ce fim za su yi: cuta ta cinye duniya, matattu sun tashi suna cizon masu rai. Duk wanda ya fito a ciki za a ba shi shinkafa da wake.

Ban yarda da su ba. Na lura masu ƙiba ba sa burge su, ramammu suke zaɓa. Ƙanena, da tari ya tsotse shi, shi suka fara nunawa. Babbansu har tafi ya yi, ya ce wannan ko kwalliya ba ya buƙata.

Na bi su don in ga abin da za su yi da shi. Suka shafa masa toka a fuska. Suka dama zoɓo da koko ya yi kauri, suka zuba masa a baki ya zama jini. Mai kyamara ya kwanta a kunyar gona yana ɗaukarsa daga ƙasa, wai don ya yi tsawo ya ba da tsoro. Aka ce ya ja ƙafa, kada ya ƙifta ido. Da tarin ya sarƙe shi, babu wanda ya miƙa masa ruwa. Sai cewa suka yi, "Ci gaba da ɗauka!"

Na tambayi babban, "Malam, wa zai kalli wannan?"

Ya ce, "Baba, wa'azi ne. Muna nuna yadda tsoro ke sa mutum ya rufe wa ɗan'uwansa ƙofa."

Na ce, "Tambayarka na yi wa zai kalla." Ya yi dariya.

Washegari suka aro makarar masallaci, wadda muke ɗaukar gawa a ciki. Ƙanena zai kwanta a lulluɓe, sannan ya yunƙuro. A garinmu mai rai ba ya hawa makara ko da wasa. Balle mai tari.

Na kama hannunsa na ce, "Tashi mu tafi."

Ya ce, "Yaya, shinkafar fa? Ai gwajin kwanciya ne, in lokacin ya zo na iya."

Mutane suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na saɓa shi a kafaɗa, ba shi da wani nauyi, na kai shi gida. Muka koma wa rama da garin rogo. Ya daɗe ba ya yi mini magana.

Makarar nan ta ɗauki mutane da yawa kafin kaka. Shi ba ta ɗauke shi ba. Yana nan da furfurarsa, yana gaya wa jikokinsa na raba shi da shinkafa. Fuskarsa mai toka kuwa, sun tafi da ita a kyamara, har yau ban san inda suka kai ta ba.