Ta'aziyyar Mai Maɓalli, Wadda Ta Zauna a Haguna

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran matata, uwar 'ya'yana huɗu, wadda duk layinmu aka sani da Mai Maɓalli. Ta cika a gadon asibiti bayan jinyar wata bakwai. Wanda Ya ba mu aronta Shi ne Ya karɓi abinSa, kuma inda ta tafi can dukanmu muka dosa.

Ni tela ne, almakashi na iya riƙewa, alƙalami baƙo ne a hannuna. Amma yau kwana goma sha biyu ke nan jama'a suna shigowa suna ba ni haƙuri, ina amsawa, alhali akwai maganar da ta tokare mini ƙirji. Mai Maɓalli, kin sa na yi miki alkawarin ba zan faɗa wa yaranmu ba. Ki yafe mini, yau zan saɓa.

Shekara talatin da ɗaya muka yi a shago ɗaya. Ni ina kan keke, ke kina kan 'yar kujerarki a haguna, taku biyu tsakaninmu. Ni ke yanka in haɗa, ke ce mai kalmasar hannu da sa maɓalli. Duk rigar da ta fita daga shagon nan sai kin ɗinke wani maɓalli na daban a cikin kalmasarta, inda ido ba ya gani. Na sha yi miki faɗa a kan ɓarnar zare, sai ki ce ranar da ɗaya ya faɗi, mai rigar zai san an yi tunaninsa. Cikin masu zuwa gaisuwa akwai wani tsohon malamin makaranta da ya juya mini bakin rigarsa, ya nuna mini naki maɓallin yana nan.

Matan layi sun san gwangwaninki na maɓallai. Wadda rigar makarantar ɗanta ta yage, wadda zif ɗin jakarta ya lalace, duk wurinki suke zuwa, ki gyara kina jan su da hira. Lokacin da mai shagon takalma na kusa da mu ya karye a ƙafa, wata biyu kina raba abincin ranarmu uku. Ni ina ƙunƙuni, ke kina ce mini tumbina zai gode miki.

Tsokana kuwa ba a magana. Jirgin Ƙasa kike kirana, saboda hayaƙin tabar da nake sha. In na shigo da safe sai ki ce, “To, jirgi ya iso tasha, a ba shi hanya.” Mu yi dariya. Wallahi yanzu in na tuna dariyar nan sai tsigar jikina ta tashi.

Ga yadda abin ya faro. A shekararmu ta biyu iska ta shigo ta taga, ta ɗebo wutar sigarina ta jefa kan wani farin yadi mai tsada. Ramin bai fi ƙwayar ido ba, amma mai yadin ya yi mini tatas a gaban mutane. Ran nan na ɗauko guduma na kafe tagar da ƙusa uku. Na sa aka yi mini kabad mai gilashi don kada kayan mutane su ɗauki wari. Gwangwanin tokar na ɗauke shi daga kan tebur na ajiye a ƙasa, kusa da ƙafarki. Sannan na koya wa wuyana wani abu: in na zuƙa, sai in kawar da kai daga yadin, in busa hagu. Har alfahari nake yi cewa ba a taɓa dawo mini da ɗinki don warin taba ba. Kwali guda a rana, wani lokaci da rabi, kuma duk a hagu na busa shi.

Ba za a ce ba ki yi ƙoƙari ba. Kin ɓoye mini ashana, kin cika aljihun keke da alewa. Sau uku ina bari. Sai hannuna ya kama rawa, ɗinki ya karkace, raina ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba. A karo na uku na daka wa autarmu tsawar da ta sa ta saki kofi ya fashe. Washegari na tarar da ashanar a kan tebur. Ke kika mayar da ita, ni kuma na ɗauke ta ina murna a ɓoye.

Tari ya fara miki bara da damina. Muka ce mura ce. Muka sayi maganin tari kwalba bayan kwalba, har kika fara tsayawa ki huta tsakanin ƙofar gida da shago, zanenki ya fara zagaye ki sau biyu. Ranar da na ga jini a ƙyallen da kike goge allura da shi muka tafi asibiti.

Likitan ya ɗaga hoton ƙirjinki a haske, ya daɗe yana kallo. Ya ce ciwon daji ne a huhu, kuma ya riga ya yi nisa. Sannan ya tambaye ki, “Mama, shekara nawa kika yi kina shan taba?”

Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. “Ni? Ko kara ɗaya ban taɓa kaiwa baki ba, likita.”

“To a gida ko wurin aiki, akwai mai sha?”

Na buɗe baki, kika riga ni. “Dutsen guga ne, ɗana, irin na gawayi. Na daɗe ina shaƙar hayaƙinsa.”

Shekara ashirin rabonmu da dutsen gawayi, na lantarki muke amfani da shi. Likitan bai yi musu ba. Yatsuna biyu da taba ta rine ya kalla, ni kuma na tura hannun cikin aljihu. Da muka fito ya ja ni gefe, ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ya kawo ciwon mutum, amma wanda yake zaune kullum cikin hayaƙin wani a rufaffen ɗaki, huhunsa bai san ba shi ya kunna ba. Ya auna ni ni ma, ya ce nawa huhun ya fara gajiya, amma da saura. Ni da na sha, ni ne da saura.

Kwana biyu kafin ki cika, kika zare robar numfashi daga hancinki kika kama hannuna. Kika ce, “Jirgin Ƙasa, maganar dutsen guga ita ce magana. Kada ka gaya wa yaran nan wani abu daban. Ba na so su rasa uwa, su kuma tsani uba.” Na ce na yi alkawari.

Tun daga ranar ban samu natsuwa ba. Na koma shago bayan kwana bakwai don kada zaman gida ya haukata ni. Duk sanda na ɗaga ƙafa daga keke, shagon ya yi tsit, sai in ji 'yar gyaran muryarki a hagu, irin wadda kike yi kafin tari ya zo. In juya, sai kujera da gwangwanin maɓallai. Shekaranjiya babbar 'yarmu ta buɗe akwatinki, ta ɗauko mayafi ta kai hanci, ta ce, “Baba, kayan Umma ƙamshinka suke yi.” Da ƙauna ta faɗa. Na fita waje na bar mata ɗakin.

Kuma kada a ɗauka na zama mutumin kirki. Ranar da aka kai ki makwancinki na rantse na bar taba, bayan kwana huɗu na kunna ɗaya a bayan shago. Na zuƙa, sai wuyana ya juya hagu da kansa. Ba kowa a wurin. Na taka karan da ƙafa, kuma daga shi ban ƙara ba, amma har yanzu raina yana neman taba kowace safiya.

Da zan iya riƙe alkawarinki har kabari, in don ni kaɗai ne. Amma jiya babban ɗanmu, direba, ya zo gaishe ni da matarsa. Na leƙa na gan su a mota kafin su fito. Gilasai a rufe saboda sanyin na'ura, karan sigari a bakinsa, ita kuma tana gefensa da cikin wata shida, tana kaɗa hayaƙin da gefen mayafi tana murmushi. A wurina ya koya. Kuma shi ne yake faɗa wa masu gaisuwa cewa dutsen gawayi ne ya ci huhun uwarsa.

Ya Allah, Ka ji ƙan baiwarKa, Ka sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata mata kabarinta, Ka buɗe mata taga zuwa Aljanna, ta shaƙi iska mai tsabta wadda na hana ta a duniya. Ni kuma Ka yafe mini, Ka ba ni ƙarfin barin abin da na kasa bari dominta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, mahaifiyarta, wadda ta ba ni 'ya lafiyayya, da Yaya babba da sauran 'yan'uwanta, da matan layi da suka yi rashin mai gwangwani. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ku kuma 'ya'yana, ta'aziyyarku ita ce mafi nauyi a bakina. Ba dutsen guga ba ne, ni ne. In kun ƙi ni ba zan ga laifinku ba, uwarku ta ji tsoron haka har numfashinta na ƙarshe. Kai babban ɗana, ƙusoshin nan uku na tagar shago sun yi tsatsa, na gwada cire su yau da safe na kasa. Ka zo gobe da guduma ka cire mini su. Ka zo da matarka, kuma ka sauke gilashin motar.