Mai Ɗaura Eriyar Oba-oba

Ke dai bari, mutumin nan ko sunansa ban sani ba. Ina zaune da tukunyar dafa-duka a ƙofar kamfanin fata a Challawa, shi yana kan a-kori-kura, siriri, gemu duk furfura, tabarau ɗaure da zare. Eriyar oba-oba, rediyon nan ta magana da ofis, yake ɗaura wa motar. Sai ya datse kan ƙarfen eriyar kaɗan, wai yana daidaita tsawonta, ya sauko ya kama abin magana: "Ofis, kuna ji na? Oba." Rediyon ba ta cewa komai sai shuuu. Ya sake hawa, ya sake datsewa.

Manaja ya leƙo ta taga: "Malam, in ba ta yi magana kafin azahar ba, akwai wani mai gyara a Bompai."

"Za ta yi, ranka ya daɗe."

Wallahi ba za ta yi ba. Ni da na tsaya aji uku na gane yankan ya wuce wuri. Ga shi tsugune yana tsintar guntayen, yana jera su a tafin hannu. Ina jin iyali ne da shi tuli. Na zuba masa abinci, ko kallo bai yi ba.

Ke gaya min, ƙarfen da aka riga aka datse, da me ake mayar da shi?