Littafin Baba Hamadu a Gaban 'Yan Aji Uku

Har gobe ban manta da ranar da 'yan aji uku suka yi wa littafin Baba Hamadu filla-filla ba. Lokacin ina mai gyaran rubutu a wata 'yar maɗaba'a a unguwar New Bell, muna buga littattafan yara da Faransanci da Hausa. Ku sababbin zuwa kun san ƙa'ida: littafi ba ya hawa inji sai marubuci ya sa hannu a takardar da muke kira bon à tirer, wato ya yarda a buga. To daraktanmu na lokacin ya ƙara nasa sharaɗin. Kafin sa hannu sai an kai labarin wata makaranta an karanta wa yara, mai shi yana zaune yana ji. Marubuta sun tsani ranar nan kamar ranar cire haƙori.

Baba Hamadu tsohon malamin makaranta ne, rabin iyayen unguwar Hausawa sun bi ta hannunsa. Labarinsa na wani yaro ne, Sanusi, ɗan shekara tara, da ya sha ruwan wata rijiya a bayan Japoma, daga nan ba girma, ba tsufa, ba mutuwa. A shafin ƙarshe yana buga ƙwallo yana dariya har abada. Ni dai ƙarshen bai kwanta mini ba, na kuwa faɗa wa darakta. Ya ce, "Madam Rabi, je ki gaya masa da bakinki." Ina ni ina wannan aiki? Duk unguwa an san Sanusi sunan ɗan Baba ne da zazzaɓi ya ɗauke yana shekara tara. Taɓa shafin nan taɓa yaron ne. Na gyara waƙafi da aya na ja bakina na tsuke, ni da ake cewa bakina ba linzami.

Wata Laraba da safe, ana yayyafi, muka nufi wata makarantar Faransanci da Larabci a unguwar Ndogpassi. Baba ya sha babbar riga ya hakimce a gaban aji. Na karanta, na rufe, ina jiran tafi. Sai na ga hannuwa a sama.

Wani mai ƙaton kai daga baya ya ce, "Madam, to in ba ya girma, aji uku zai yi ta maimaitawa?" Aji ya kwashe da dariya. Wani ya tambaya ko haƙorinsa da ya faɗi zai fito. Wata ta ce abokan ƙwallonsa za su zama alhazai masu tumbi, da wa zai buga? Baba yana murmushi yana kare yaronsa. "Ai sai ya yi sababbin abokai."

Can wata 'yar siririya ta miƙe, ta harɗe hannu a ƙirji yadda ake koya musu. Ta ce, "Kaka, ni innata ta rasu bara. Malam ya ce in na yi halin kirki zan same ta a Aljanna. To shi Sanusi, innarsa jira za ta yi ta yi ke nan?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, don matar Baba, uwar Sanusin gaskiya, ba ta daɗe da rasuwa ba. Baba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Zauna, jikata. Ban yi wannan tunanin ba."

Da muka koma maɗaba'a Baba ya ce ba zai sa hannu ba sai bayan sati biyu. Darakta, da ya riga ya ware mana inji ranar Juma'a, ya yi ta faɗa da Faransanci har ya gaji don kansa.

Sati biyun na cika Baba ya ajiye mini shafi uku da rubutun hannu. Sanusi ya koma rijiya ya roƙi a karɓe kyautar rashin mutuwar. Ya fita aji uku, ya koyi ɗinki, ya yi aure, ya yi jikoki masu ɓoye masa almakashi, ya yi furfura. Wata safiya ya cika a ɗakinsa, jama'a cike da ƙofar gida. Ina karantawa hawaye na ɓata mini tawada, kunya ta ishe ni.

Na ce, "Baba, ka tabbata?"

Ya ce, "'Yata, shekara talatin na tsare yaron nan a aji uku. Ni ne ban so ya tafi ba. Duba mini waƙafin, ki ba ni takardar in sa hannu."

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, sau da yawa tsoronmu ne mu manya muke naɗewa mu miƙa wa yara da sunan labari. Su sun san mutuwa, tana shiga gidajensu kamar na kowa, abin da ba su yarda da shi ba shi ne a bar mutum shi kaɗai. Don haka in kun ga na nace sai an kai littafi makaranta kafin inji, ku daina ce mini mai taurin kai. Gyaran da na kasa yi da jan biro, yarinya 'yar shekara takwas ce ta yi shi.