Inna Mairo da Akwatin Gidan Dashe

Duk wanda aka haifa a Gidan Dashe, hannun Inna Mairo ne ya fara taɓa shi kafin na uwarsa. Ni ma haka. Ungozoma ce, gajera, baƙa, mai faɗa kamar ta ari baki, kuma ban taɓa ganin ta gama cin tuwo ba a aiko kiranta ba. Ta daɗe da rasuwa, amma har yau in na bi ta Ƙofar Sauri nakan ƙara wa babur wuta, saboda akwai abin da na yi mata a wurin.

Gidan Dashe ba gari ne mai tarihi ba. Gwamnati ce ta kafa shi a arewa da Katsina don rainon itatuwan da za a dasa su tare hamada. Aka gina dogayen ɗakuna layi huɗu, aka haƙa rijiya guda, aka kwaso leburori daga ko'ina: Daurawa, Damagarawa, Buzaye, har da Malam Joseph direban tankar ban ruwa, mutumin kudancin Zariya. Inna Mairo ta zo wurin tana amarya, ta biyo mijinta Haruna, lebura mai ban ruwa. Ta haifi huɗu, babu wanda ya kai yaye. Daga nan ta koma karɓar na mutane.

A ko'ina, bayan ɗaki ungozoma take binne cibiya. To mu ɗakunanmu na gwamnati ne, daɓen siminti gaba da baya, kuma manaja ya hana a haƙa ko da ramin dara. Sai Inna ta riƙa ɗauka a ƙwarya, ta shiga layukan itatuwan bedi, wato dalbejiya, da na madaci, ta zaɓi gindi ɗaya ta binne. Ba ta taɓa haɗa mutum biyu a gindi ɗaya ba sai tagwaye. Ko bihim ba ta sani ba, amma in ka tambaye ta mu nawa ne, sai ta lumshe ido ta bi layin da ka, bedi bayan bedi, madaci bayan madaci, tana kiran sunaye. Tawa cibiyar tana gindin bedi na tara a layin rijiya. In na yi rashin ji sai ta nuna ni da muciya ta ce, “Kai na tara, ka kiyaye ni, ko in je in tone ka.”

Ina firamare mun haura mutum ɗari huɗu. Aji shida duk cike, kuma da wuya mako ya wuce ba a yanka ragon suna ba. Sai aikin ya fara mutuwa. Turawan da ke tallafa masa suka tattara nasu ya nasu, aka sallami leburori, tankar Malam Joseph ta kwanta kan duwatsu har kaji suka mai da ita akurki. Samari suka gangaro Katsina, wannan acaba, wancan facin taya, 'yan mata kuwa duk wadda ta yi aure a birni ba ta sake kwana biyu a gida ba. Aka bar tsofaffi da itatuwa.

Ni na riga kowa gudu. Na zo sakandare, na zauna a gidan wani malaminmu a Ƙofar Durbi, iyayena suka rasu, ban koma ba. Na zama malamin makaranta, na auri Fadila, 'yar gidan da ake lissafa kakanninsu har bakwai ba a fita daga lungu ɗaya ba. A cikin birni tambaya ɗaya ake yi wa mutum, ɗan gidan wa ne, kuma ɗan lebura ba shi da amsar da za ta sa a matsa masa a tabarma. Ban taɓa buɗe baki na ce a Ƙofar Durbi aka haife ni ba. Amma ban taɓa gyara wa wanda ya ɗauka haka ba, kuma na san bambancin bai kai tsawon allura ba.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki, aka fara rajistar masu zaɓe. Sai aka gaya wa mai unguwar Gidan Dashe cewa in sunayensu ba su kai ɗari ba, za a ɗauke akwatin zaɓensu a haɗa da na ƙauyen gaba. Manyan da suka rage sittin da ɗaya ne. Mai unguwa ya ce Allah ya kyauta, ya gyara kwanciya. Inna Mairo ce ta gane abin da ke ciki. Ta ga mulkin farar hula na baya, ta tuna saboda akwatin nan aka zo aka rufa wa makaranta kwano. Ɗan siyasa akwati yake bi, ba mutum ba. Ga shi bakin rijiyar ya fara zubewa, kuma in babu akwati babu mai zuwa ya gyara ta. In babu rijiya kuwa, babu Gidan Dashe.

Ta ɗaure 'yan tsummokaranta ta hau motar itace ta zo Katsina. Ta sauka a Ƙofar Sauri wurin Miriam, 'yar Malam Joseph, wadda take ɗinki a wani ɗan shago. Kwana tara tsohuwar nan tana bin gida gida da ƙafa, tana neman duk wanda ta yanke wa cibiya. Yadda ta gano gidajenmu Allah kaɗai ya sani. Ranar Laraba da la'asar na ji sallamarta a zaurena.

Muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, ta sake komawa kan aiki. Fadila ta kawo ruwa da 'yarmu a goye. Inna ta leƙa fuskar jaririyar.

“Abbas, ɗiyarka ce? Wa ya amshe ta?”

“A asibiti aka haife ta, Inna.”

“To, Allah shi raya. Ni shekara ukku ke nan cibiya biyu na yanke. Rezata har ta yi tsatsa.” Ta ajiye kofin. “Ba roƙo ya kawo ni ba. Ran Asabar Ɗanliti direba zai kawo motarshi Ƙofar Sauri da hantsi, ya ce ko sisi ba ya amsa. Ka zo mu tahi ka rubuta sunanka inda cibiyarka take, ka dawo ka kwana gidanka. Shi ke nan abin da nike so.”

“In sha Allahu, Inna.”

“In sha Allahu ta zuwa, ko ta sallamar baƙo?”

“Ta zuwa ce.”

“Madalla. Kai ne na saba'in da huɗu. Kuma gaba za ka zauna, tunda kai ka yi boko, in sun rubuta mu ba daidai ba ka gani.”

Da ta tafi Fadila ta tambaye ni wace ce. Na ce wata tsohuwa ce da ta san mahaifiyata. Gaskiya ce, irin gaskiyar da na ƙware a kai.

Abin da ban gaya wa Inna ba shi ne, dattawan unguwa sun fara maganar ba ni sakataren jam'iyya na gunduma. Malami ne ni, ina da rubutu mai kyau, kuma surukina yana da baki a cikinsu. Amma sakataren gunduma dole katin zaɓensa ya nuna gundumar. In na fito da kati mai sunan Gidan Dashe, magana ta ƙare, kuma kowa ya san ɗan gidan wa ne ni.

Duk da haka ranar Asabar na fita. Wannan kaɗai nake da shi na kare kaina, kuma bai kai komai ba. Na hau jan baburina na nufi Ƙofar Sauri. Daga nesa na hango akori-kurar Ɗanliti, yana goge gilashi. A bayanta mutum kamar ashirin ne, Miriam tana can sama da lemarta, wasu kuma suna tsaitsaye a gefe suna hira. Inna Mairo tana bakin titi, ta sa hannu ta tare rana tana duban hanya. A bencin mai shayi kuwa, daidai inda zan tsaya, ga ƙanin surukina da wasu dattawan jam'iyya biyu suna karyawa. Ban san lokacin da hannuna ya karya kan babur ba. Na faɗa wani lungu, na zagaya ta bayan gari, kafin azahar na yi rajista a Ƙofar Durbi.

Daga baya na ji mutum tara kawai motar ta kai. Inna ta sa an tuƙa tuwon mutum saba'in da huɗu, aka yi kwana uku ana ɗumame. Sunaye suka tsaya a saba'in, aka ɗauke akwati. Farar hula suka karɓi mulki, aka yi ta haƙa fanfunan burtsatse a ƙauyuka, ko motar kamfe ɗaya ba ta karya ta shiga Gidan Dashe ba. Damina biyu bayan nan rijiyar ta rufta. Yara suka koma sha ɗaya, aka rufe makaranta. Masu itacen girki suka shiga layukan da gatari, tunda babu sauran mai ce masu kul.

Sakataren ma ban samu ba. Ranar da aka zauna rabon muƙamai, wani dattijo ya gyara hula ya ce, “Malam Abbas mutumin kirki ne, amma wai ɗan gidan wa ne?” Sai aka ba wani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na koma ajina da allina, ina lallashin kaina da lissafi: mutum sittin da biyar ne muka saɓa alkawari, kuma ni ɗaya ba zan cike gurbin talatin ba. Lissafin daidai ne. Sai dai duk sanda na yi shi, abinci ba ya yi mini daɗi.

Bayan shekara huɗu Miriam ta same ni a bakin makaranta. Ta ce Inna tana wurinta, idonta ya tafi, kuma kullum sai ta tambayi na tara. Na ce gobe zan zo. Goben nan ta ɗauke ni mako uku.

Na same ta a tsakar gida kan tabarma, ta ƙanƙance, ba sauran faɗa. Miriam tana gefe tana cire zare daga wata riga. Na durƙusa na gaishe ta. Ta laluba ta kama hannuna ta riƙe.

“Na tara. Ka yi ƙiba.”

“Ya jiki, Inna?”

“Jiki ya yi nashi. Ka ji labarin gida? Gida biyar suka rage, mutum sha tara, jaki ke ɗebo masu ruwa daga ƙauyen gaba. Layin rijiya duk an sare. Naka ma ya tahi, kututture aka bari.” Ta murza yatsuna. “Akwai abin da nike son tambayarka tuntuni. Ranar nan na gan ka. Babur ja. Na ce ma Ɗanliti ga Abbas nan, mai ya tahi sha, kada ka tada mota.”

Miriam ce ta yi magana, ba ta ko ɗago kai ba.

“Har azahar muka jira ka, Malam. Waɗanda ke tsaye a gefe sun fi talatin, cewa suka yi in malami ya hau su ma sun hau. Da suka ga shiru suka watse. Rana ta sauke sha ɗaya daga cikin motar.”

Ashirin na cikin mota, talatin na gefe, sittin da ɗaya na gida. Ni malami ne, ban buƙaci allo ba. Lissafin da na yi shekara huɗu ina fakewa da shi ya rushe a wurin, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta ƙara matse hannuna. “Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na ce masu Abbas ba ya ƙi, sai dai in wani abu ya same shi a hanya. Lahiya dai ko? Ba haɗari ka yi ba?”

Ga ƙofa a buɗe. Kalma uku ce, na ji kunya, ko in ce ki yafe mini. Tsohuwa makauniya, ba surukina, ba dattawan jam'iyya, ba muƙamin da zan rasa. Na buɗe baki, sai na ji muryata tana cewa, “Taya ce ta fashe, Inna.”

“Alhamdu lillahi,” in ji ta. “Kin ji ko, Miriam? Ai na gaya maku.”

Miriam ta dube ni sau ɗaya, ta ci gaba da cire zarenta. Na ajiye ledar lemon da na kawo, na yi sallama. Inna tana ta sa mini albarka har na fita zaure, tana cewa in riƙa duba tayoyina kafin in hau hanya.

Kwana goma sha biyu bayan nan ta rasu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma mutane suka yi ta yaba mini da zumunci.