Layin da Yaya Ya Tsaya

A ƙauyenmu da ke kusa da Sandamu, ni da yayana ƙofar gida ɗaya muke shiga. Tun rasuwar mahaifinmu ba mu raba akushi ba. Matarsa ta kawo tuwo, tawa ta kawo, mu zauna a zaure mu ci tare. Shi noma kawai ya sani. Ni kuwa ina dillancin awaki a kasuwar Daura, kuma Allah ya ba ni baki.

Shekarar da aka ce zaɓen fidda gwani ƙato bayan ƙato za a yi, wato kowa ya fito fili ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, sai wani ɗan babban gida mai neman kujerar majalisa ya fara zuwa mana. A birni ya tashi, amma in ya zo sai ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya sha fura da ludayin da muka sha. Ya ce manya sun cinye ƙasa, shi na talaka ne. In yana zagin masu kuɗi har tsigar jikina tashi take. Ban taɓa tambayar kaina motocin da ke biye da shi na waye ba. Ran da ya ce mini, "Baba, kai ne bakina a garin nan," ko tsayawa tunani ban yi ba na amsa.

Yaya ɗayan ɗan takarar yake so, wani tsohon malamin gona mai magana ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Yaya, wannan in ya tashi magana a majalisa ai barci za su yi."

Ya ce, "To su yi mana, mu ma mu huta. Naka da ya suɗe ludayi a gaban jama'a, yunwarsa ba ta fura ba ce."

Ranar zaɓe a filin makarantar firamare, layinmu ya kai bakin hanya. Na su Yaya ɗan guntu ne, tsofaffi sun fi yawa. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku zo ku ga layin marayu!" Fili ya ɗauki dariya. Na je na kamo hannun samarin 'ya'yansa biyu daga bayansa na ce, "Ku bar tsoho ya sha ranarsa." Ni baffansu ne, ga idon mutane, sai suka biyo ni kansu a ƙasa. Yaya ko waiwayowa bai yi ba. Ya tsaya har aka ƙidaya shi.

Namu ya ci, ya kuma ci babban zaɓe. Da damina ta kusa aka kawo takin zamani, aka ce ni zan raba wa waɗanda suka tsaya a layinmu kawai. Ba a buƙatar tambaya, kowa ya ga kowa. Na raba kamar yadda aka ce. Daga nawa rabon na ɗauki buhu ɗaya na kai wa Yaya.

Ya ce, "In ni ɗan'uwanka ne, waɗanda suka tsaya tare da ni fa, 'yan'uwan wa ne? Mayar da abinka."

Bai yi mini faɗa ba. Bayan girbi dai ya fasa katanga ta baya ya yi ƙofarsa, akushinsa ya daina zuwa zaure.

Garin ma ya koyi darasi. A zaɓen da ya biyo baya mutane sai su tsaya daga nesa su ga layin da ya fi tsawo, sannan su ruga su shiga. Ba wanda ke faɗin abin da ke ransa, ko a wurin suna. Ɗan majalisar kuwa sai a allon hoto muke ganinsa, ya yi ƙiba.

Da ciwo ya kwantar da Yaya na je na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya riƙe hannuna ya ce, "Abin da ke tsakanina da kai na yafe tun tuni. Na sauran mutane ba nawa ba ne balle in yafe."

Ya rasu ana gab da wani zaɓen, don haka ɗan majalisa ya zo ta'aziyya da ayarin motoci. Bayan addu'a ya dubi jama'a ya ce, "Marigayi namu ne. Tun ranar farko yana tare da mu."

Tsofaffi suka juyo suna kallona, don ni ne ƙaninsa, kuma ni ne mai baki. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe."

Babban ɗan Yaya ya miƙe daga tabarma, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya shige cikin gida.